Abin da Na Faɗa a Bayan Ƙwarya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɓoye wa mahaifiyata yadda ɗanta na fari ya mutu. Ba tambayata ta yi na ƙi faɗa ba. Ba ta taɓa tambaya ba, kuma babu wanda ya san akwai abin tambaya a wurina. Duk garinmu an tafi a kan cewa na riga na hau mota na yi nisa kafin ruwa ya ci Yaya, ni kuma na bar su a haka.

Garin namu yana can ƙasan Haɗeja, wajejen Guri, inda in damina ta yi nisa ruwa kan raba mu da sauran duniya. Asalinmu makiyaya ne, amma tun zamanin kakana aka jingine sanda aka ɗauki fartanya. Abin da ya rage mana na Fulatanci bai wuce 'yan shanu biyar ba, da kiran Adda da Goggo, sai kuma kunya. Kunyar nan Inna ta riƙe ta hannu bibbiyu. A wurinta ɗan fari ba nata ba ne. Tun da aka yaye Yaya aka miƙa shi ɗakin kakarmu, bango ɗaya ne tsakaninsu, amma ban taɓa jin ta kama sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce “na tsohuwa”. In ta zuba masa tuwo ni take ba in kai. Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba, Adda yake ce mata kamar wata yayarsa, ko shi ma sai in ta kama dole. Ni kuwa da nake auta, tun asuba sunana yake yawo a tsakar gida: zo ka ɗauki wannan, ina ka jefar da wancan, wa ya ce ka taɓa min nono. Har maƙwabta sun haddace muryar da take kirana da ita.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, don haka Yaya ne namijin gidan. Shi ya yi noma ni na yi boko. Wani abin da ya ɗauko wanda ba na gidanmu ba shi ne ruwa. Tun yana yaro ya bi ’ya’yan masunta, har ya mallaki nasa goran, irin ƙaton nan da suke kifa ciki a kai su ratsa kogi. Kakarmu kan ce an yi mata musayar jika, ta ba da Bafulatani an dawo mata da tarwaɗa.

Shekarar da na gama sakandare aka kira ni intabiyu a kwalejin horon malamai. Saboda ambaliya takardar ba ta iso hannuna ba sai ana gobe. Da sassafe na je mashigi, mai jirgi ya ce shi kam ba zai sa jirginsa a ruwan nan ba sai ya kwanta. A tsallake kuwa akwai a-kori-kura guda da ke ɗaukar mutane zuwa Haɗeja, in ta tashi sai kuma wata rana. Na dawo gida raina a ɓace, na tarar da Yaya zaune a gindin darbejiyar tsakar gida yana shan kunu. Kwana huɗu ya yi kwance da zazzaɓi, ranar ce ya fara fitowa. Na ce ya tsallakar da ni da goransa. Ya ce in bari sai gobe, jikinsa babu ƙwari, ruwan kuma ba na wasa ba ne.

Ni mutum ne mai baki, tun ina yaro haka nake, kuma har yau ban warke ba. Na ce masa dama na sani, ba ya so in yi karatu in fi shi, so yake mu ƙare tare a bakin kuyya. Ya dube ni, ya ajiye ludayin a cikin kunun da bai shanye ba, ya shiga ya ɗauko goran.

Ya ɗaure min tufafina da takarduna a ka, na kifa ciki a kan goran, shi kuma yana iyo a bayana yana turawa. Ina jin hucinsa. Sau ɗaya ya dafa bayana don ya daidaita ni, na ji hannunsa da zafi duk da sanyin ruwan. Da muka kai tsallake bai fito ba, ya riƙe ciyawar gaɓa yana mayar da numfashi.

“Yi maza kar motar ta bar ka,” ya ce. “In sun tambaye ka, ka yi musu magana a hankali. Ka san bakinka.”

Na hau gaɓa na sa rigata. Da na waiwaya sai na ga goran a tsakiyar ruwa yana juyawa, babu kowa a kansa. Na tsaya. Na ce wa kaina ai haka yake yi, nutso yake ya ɓullo can gaba yana dariya. Na jira kamar tsawon karanta Fatiha biyu. Direba yana ta danna oda a bakin hanya, gaɓar ta tare musu kogin, ba sa ganin abin da nake gani. Ban yi ihu ba. Na san in na yi ihu motar nan ba da ni za ta tafi ba. Na je na hau, na zauna a kan buhun busasshen kifi, na juya fuskata wajen Haɗeja.

Na ci intabiyu. Na yi musu magana a hankali kamar yadda aka ce min.

Ranar da na dawo ruwa ya ɗan sauka, jirgi yana fito. Mai jirgin ya ƙi haɗa ido da ni, ni ma ban tambaye shi komai ba. An riga an tsinci Yaya a cikin ciyawar kacala can ƙasa, an yi masa sutura, har an yi sadakar uku. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta ba ni labarin yadda aka sanar da gida. Kawunmu ne ya zo, ya zauna, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi shanu, ya nemi ruwa ya sha, sannan ya ce na tsohuwa ne bai dawo ba, ana dubawa. Washegari ya sake zuwa ya ce sai haƙuri. Iyakar labarin da Inna ta samu ke nan game da mutuwar ɗanta, kalma biyu. Ta yi salati ta ci gaba da sheƙar da take yi. Kakarmu ce ta faɗi tana birgima, ita aka riƙa yi wa ta’aziyya, Inna kuwa tana bakin murhu tana dafa wa masu zaman makoki abinci. Mata suna ta yaba fulakonta. Ni ma aka riƙa ba ni haƙuri, ana cewa Allah ya rufa min asiri da ban gani ba. Wani tsoho ya kaɗa kai ya ce iya ruwa fid da kai, saura kaɗan in shaƙe shi.

A shekarata ta biyu a kwaleji muka sami wani malamin adabi, ɗan firit, hannun rigarsa kullum fari fat da alli. Wata rana ya shigo ya zana rabin da’ira a allo ya ce yau za mu je ƙasar Girka. ’Yan aji suka hau guna-guni, me ya haɗa mu da maguzawan da suka mutu fiye da shekara dubu biyu. Bai kula mu ba. Ya ce mutanen nan jikin tudu suke sassaƙewa su yi mazauni hawa-hawa, gari ya taru da rana tsaka, ba don dariya ba, don su kalli yadda masifa ke sauka a gidan mutum. Masu wasan suna rufe fuska. Akwai ’yan amshi, tsofaffin gari ko matan gari, suna hango abin da ke tafe sarai amma ba su da abin yi sai waƙa. Wanda masifar ke faɗa wa kuma ba mugu ba ne, mutumin kirki ne da ya yi kuskure guda. Har nan ina ji da rabin kunne.

Sai ya ce a wasan nasu ba a mutuwa a gaban jama’a. Can ciki ake mutuwa, ko can nesa, a bakin teku ko a kan dutse. Sai wani ya shigo da gudu, bawa ko makiyayi, wanda ba shi da suna, ba shi da dangi a cikin wasan, ya tsaya gaban uwar mamacin ya faɗa mata duk abin da ya gani, daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba. Ya ce sau da yawa jawabin nan shi ne ya fi kowane tsawo, kuma babu mai katse shi.

Na ji aji ya yi min ƙunci. Abin da na ji a raina, in faɗi gaskiya, hassada ce. Na yi hassadar makiyayin nan da aka ba shi fili ya faɗa, da uwar da aka ba ta dama ta ji. Bayan an tashi na bi malamin har bakin ofis na tambaye shi, to in mai kawo labarin shi ne da laifin fa? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce to wannan ba ɗan aike ba ne, shi ne mai wasan gaba ɗaya, kuma irinsu ba sa sauka lafiya. Ya ƙara da cewa Girkawan ma da wayonsu, labaran zamanin da suke ɗaukowa, don an taɓa yin wani marubuci da ya nuna wa gari wani rashi da suka yi kwanan nan, jama’a suka ɓarke da kuka, aka hukunta shi aka hana sake wasan. Na rubuta wannan a littafina, har na amsa shi a jarrabawa, sannan na manta da shi daidai lokacin da zai yi min amfani.

Na gama, na fara koyarwa, na yi aure. Kakarmu ta rasu. Aka yi ta yawo da ni makarantu har aka kawo ni wata sakandare wajen Kiri Kasamma, ba nisa da gida. Duk hutu ina zuwa in gaida Inna, ta kira sunana, ta yi min faɗan rama, ta cika min ƙwarya da fura. Sau nawa na zauna gabanta na haɗa maganar a baki, sai in ji kaina ina tambayarta ciwon gwiwa. Duk damina kuwa, in ruwa ya cika, ba na iya duban tsakiyar kogi. Ko tulu na gani yana yawo a ruwa sai in kau da kai.

Ana nan shugaban makaranta ya ce in shirya wasan kwaikwayo na ranar iyaye. Irin wanda aka saba yake so, baƙauye ya je asibiti ya shanye maganin shafawa, a yi dariya a watse. Na ce ni ba zan yi wannan shirmen ba, in wasa ake so zan yi irin na Girkawa. Muka yi ta ja har ya gaji ya ce in yi abin da na ga dama, amma ban da gumaka. A bayan makarantar akwai wani tsohon kududdufi da aka haƙi ƙasar gini, da bazara yakan bushe ƙaf, gefensa a gangare kamar an raba akushi biyu. Da na tsaya a ƙasansa na yi magana na ji muryata ta hau har sama, na ce ga tudun Girkawa Allah ya kawo min har gida. Na je kasuwa wurin wani gyartai na ce ya huda min ƙore, ido biyu da baki. Ya tambaye ni ko bori zan fara. Shugaba ma da ya gansu ya ce za a ce mun kawo dodanni makaranta, na ce ya ɗauka tashe ne ya zo ba a watansa ba.

Labarin na mayar da shi zamanin da, a wani gari marar suna. ’Yan’uwa biyu, sarki ya aiko kiran ƙaramin, ruwa ya cika, babban ba shi da lafiya. Na ɗebi ’yan mata goma sha biyu na manyan aji su zama matan gari ’yan amshi, na sa su waƙa da karin daka. Mai kawo labari makiyayi ne da ya gani daga gaɓa. Da farko wani ɗalibi na ba, ana saura mako na karɓe na ce muryarsa ba ta fita. Ƙarya nake, muryarsa ta fi tawa.

Wurare biyu na gyara gaskiya. Na sa wanda ruwa ke ci ya ɗago sau uku yana kiran Inna. Na kuma sa ƙanen ya ruga yana ihu yana neman taimako, sai dai babu kowa kusa. Na ce wa kaina ai haka ake rubutu, dole a sa gishiri. Na farkon kyauta ce na so in ba ta. Na biyun kuwa kaina na yi wa.

Inna ba ta taɓa taka makaranta ba, ko ranar da aka ba ni shaida. Sai da na haɗa da Goggo kafin ta yarda. Na ɗauko su biyu a kan babur, suka zauna a tabarma can saman gangaren, cikin mata.

Da hantsi muka fara. Da ƙoren suka fito wuri ya kaure da dariya, yara suna nunawa, maza suna jiran inda abin dariyar zai ɓullo. ’Yan matan suka fara waƙarsu, cewa ruwa ya ba mu shinkafa, ya ba mu kifi, bai taɓa cewa kyauta ba ce. A hankali dariyar ta janye. Da aka zo inda ƙanen ya ce wa wansa ba ya so ya fi shi, na ji wata tsohuwa ta ce a’uzubillahi.

Sai lokacina ya yi. Wanda bai taɓa sa ƙwarya a fuska ba ba zai gane ba. Ciki da zafi, da ɗacin warin duma, numfashinka yana dawo maka. Hudojin idon ƙanana ne, abu ɗaya kake iya gani a lokaci guda. Na juya kaina har na sami Inna a cikin hudar, na tsaya a nan. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta fi tawa kauri, kuma ba ta jin kunyar kowa. Na faɗi ludayin da aka ajiye a cikin kunu. Na faɗi tufafin da aka ɗaure a ka, da hucin mai turawa, da hannun da ke da zafi a cikin ruwan sanyi. Na faɗi ciyawar da ya riƙe. Shekara goma sha ɗaya maganar nan tana cikina, ta fito tiryan-tiryan kamar karatun allo. Inna ba ta motsa ba. Sai da na kai inda ya ɗago yana kiran Inna, na ga ta ja mayafinta ta gyara, ta kau da kai gefe.

Sauran jama’ar kuwa na manta da su, na manta cewa a ƙasar nan da wuya ka sami gidan da ruwa bai taɓa ɗauke wa mutum ba. Mata suka riƙa sharɓar kuka. Wani dattijo masunci ya miƙe tsam ya karkaɗe rigarsa ya tafi, biyu suka bi shi. Da aka gama babu wanda ya tafa. Shugaba ya same ni ina wanke fuska ya ce, Malam, iyaye muka gayyato, ba zaman makoki ba. Na ci gaba da wanke fuskata.

Inna a gidana ta kwana. Ba ta ce komai ba game da wasan, ta ci tuwo, ta yaba miyar matata. Na ce a raina shi ke nan, na faɗa, ta ji, an wuce wurin. Har na ɗan ji sauƙi, Allah ya yafe min.

Washegari da hantsi Goggo da matata suka shiga maƙwabta barka. Inna tana zaune a inuwa da faifai a cinya tana tsintar shinkafa. Na zo wucewa ta kira sunana ta ce in zauna. Ba ta ɗago ba.

“Makiyayin nan naka maƙaryaci ne,” ta ce.

Na ce ai wasa ne, Inna.

“Na tsohuwa ba zai kira Inna ba. Ko ruwa ya kai masa hanci ba zai kira ba. Ban koya masa ba.” Ta fitar da wata tsakuwa ta jefar. “Amma wanda ya san hannunsa da zafi a cikin ruwa, ya san sauran. Yau babu ƙwarya. Faɗa min.”

Na faɗa mata. Muryar jiya ta gudu ta bar ni da tawa, ’yar siririya, tana sarƙewa. Na ce ban ji ya kira kowa ba. Na ce goran na gani yana juyawa shi kaɗai. Na ce ban ruga ba, ban yi ihu ba, na tsaya kamar Fatiha biyu na je na hau mota. Ta tambaye ni mutum nawa ne a motar, na ce za su kai goma. Ta ce maza? Na ce yawancinsu. Ta gyaɗa kai. Ta tambayi abin da ya ce min na ƙarshe, na faɗa mata, har da “ka san bakinka”. Nan ne na ga hawaye ya ɗiga a cikin shinkafar. Tunda nake ban taɓa ganin ta yi kuka saboda shi ba, kuma ko yanzu babu sauti, hannunta bai daina tsinta ba.

Na durƙusa na ce ta yafe min. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

“Kunun nan ni na dama masa,” ta ce. “Ina bakin ƙofar ɗakina sa’ad da ka gaya masa maganar nan, na ji da kunnena. Na ga ya ɗauko goran, ƙafarsa tana rawa. Ta gabana ya wuce. Da na ce masa ajiye, wallahi zai ajiye, bai taɓa musa min ba. Sai na ga tsohuwa tana zaune, na ce ina ni ina hana ɗan wata a gabanta. Na sunkuyar da kai na bar shi ya fita.”

Ban san wannan ba. Shekara goma sha ɗaya ina ganin ni kaɗai na yi shiru ranar, ashe mu biyu ne, ɗaya a wannan gaɓa ɗaya a waccan, muna cin tuwo a gida ɗaya kowa da nasa a ciki. Na so in ce mata ba laifinta ba ne, al’ada ce, amma na san in na faɗa ƙarya ta uku zan yi, ita kuma ta riga ta nuna min tana gane su. Na sake cewa ta yafe min. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta goge fuska da gefen zane, ta ce in miƙo mata wancan kwanon. Muka ji sallamar su Goggo a zaure.

Da azahar aka sauke abinci. Inna ta karɓi mara daga hannun matata ta zuba nawa da kanta, ta rufe. Ina zaune taku uku daga inda take. Ta miƙa wa matata ta ce, “Kai wa na makaranta.”

Na ɗauka na ranar ne kawai. Na mayar da ita gida, na koma da hutu, na sake komawa. Tana amsa gaisuwata, tana sa min albarka, tana aiko min da man shanu, amma sunana ya fita daga bakinta. In ina tsakar gida sai ta yi magana da wanda ke kusa, a ce wa na makaranta ruwan wankansa ya yi zafi. Faɗan rama ma ta daina. Goggo ta ce in gode wa Allah, girma aka ba ni, an ɗora ni a gurbin ɗan fari. Matata, da na gaya mata komai daga baya, ta ce ita dai a ganinta uwa ba ta iya kiran sunan da ya hau motar nan. Kowacce a cikinsu in ta faɗa sai in ji kamar ita ce da gaskiya.

Ban sake shirya wasa ba, ko na baƙauye da maganin shafawa. Na ci gaba da koyar da darasin Girkawa duk shekara don yana cikin manhaja, ina zana rabin da’ira a allo, yara suna hamma. In na zo kan mai kawo labari nakan gaya musu cewa shi da ya gama jawabinsa fita yake, ba a sake ganinsa, ba ya zama ya ci abinci a gidan.

Shekara shida Inna ta ƙara a duniya. Ina da baki, kowa ya sani, na yi faɗa da shugabanni da masu duba makarantu, amma ban taɓa iya tambayarta dalili ba. Ina tsoron amsar, kowacce ce a cikin biyun. Ciwon ajalinta na mako biyu ne, ina gefenta kusan kullum, ina ba ta ruwa a cokali. Duk lokacin da ta buɗe ido ta gan ni sai in matso da kunnena. Ranar ƙarshe ta dube ni ta daɗe, sannan ta juya wajen Goggo ta ce a ce masa ya je ya ci abinci, tun safe bai ci komai ba.